Yadda ake zaɓar ɗan injin sa iska na taya wanda za ka riƙa yawo da shi a but

Kwanan nan ƙanina ya turo min hoton wani ɗan injin sa iska a WhatsApp wai in duba masa kafin ya tura kuɗi, a jikin kwalin an rubuta 300 PSI (ma'aunin matsin iska) ɓaro-ɓaro da jan fenti, shi kuma abin da ya ja hankalinsa ke nan, ya ce Yaya ai wannan ko tirela zai hura. Na ce masa ya dakata tukuna. Wannan lambar da ake rangaɗawa a kwali ita ce abu na ƙarshe da ya kamata mutum ya duba, kuma da ita ake kama yawancin masu saye. Bayanin da na yi masa ya yi tsawo har na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya, ko wani ma zai amfana.

Ni abin da ya sa na fara ajiye injin nan a mota, wata tafiya ce daga Kano zuwa Bauchi da iyali, mun wuce Birnin Kudu magariba ta kawo jiki sai na ji motar tana ja gefe guda, na tsaya na ga tayar baya ta kusa zama ƙasa, ƙusa ce. Na buɗe but na ciro safaya, ashe ita ma ta sace tun ban san yaushe ba, don rabon da in duba ta ya fi shekara. Yara a mota, gari na duhu, babu mai faci kusa. Allah ya kawo wani bawan Allah mai Hilux ya tsaya, ya ciro ɗan injinsa ya maƙala a batir, cikin 'yan mintuna ya hura min safayar, ya ce Malam ka nemi irin wannan, hanyoyin nan yanzu ba wurin tsayawa ba ne da dare. Tun daga ranar na yi amfani da kala uku, ɗaya ya ƙone a hannuna, biyu suna nan, to abin da zan faɗa daga nan na samo shi.

Mataki na farko, san iskar da tayarka take buƙata

Kafin ka je kasuwa, buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai, akwai wata takarda da aka manna, a wasu motocin Turai kuma tana cikin murfin tankin mai. A nan kamfanin motar ya rubuta girman taya da iskar da ta dace da ita, gaba daban baya daban, wani lokaci har da na idan an cika mota da mutane da kaya. Yawancin ƙananan motoci irin su Corolla, Camry, Vibe, Golf, Civic, za ka ga abin yana tsakanin 30 zuwa 35 PSI. Idan motar daga Turai ta fito, ko kana Maraɗi ko Damagaram inda aka fi sabawa da ma'aunin bar, za ka ga 2.1 ko 2.2 ko 2.4 bar, wasu motocin Japan kuma kPa suke rubutawa. Lissafin ba wuya: bar 1 kusan 14.5 PSI ne, kuma shi ne 100 kPa. Wato 2.2 bar da 220 kPa da 32 PSI duk abu ɗaya ne.

Kar ka bi lambar da ke jikin tayar kanta. Wannan 44 ko 51 da za ka gani a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ne, ba abin da motarka ke so ba. Kuma wallahi nan ne ake yawan yin kuskure a wajen masu faci, ka tsaya ka ce a ƙara maka iska, yaro ya danna tiyo ya bubbuga tayar da ƙarfe ya ce ta yi Alhaji, in ka sa geji sai ka ga 45 ko 50. Ba mugunta ba ce, haka aka koya musu, mutane da yawa sun ɗauka taya mai tauri ita ce mai lafiya. Amma taya mai iska fiye da kima tsakiyarta ke cinyewa, ba ta kama titi sosai idan ka taka birki, kuma duk ramin da ka faɗa sai ƙafar motar ta ji a jikinta. Mai ƙarancin iska kuma ta fi haɗari, gefe da gefenta ke lanƙwasawa tana ɗaukar zafi, ga kwalta ta yi zafi a watan Maris da Afrilu, ga gudu, shi ne za ka ji ta fashe a tsakiyar hanya. Ga shan mai kuma, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba wanda ke wasa da shi.

In safayarka 'yar siririyar nan ce da ke zuwa da motocin Amurka, duba jikinta, yawanci 60 PSI take so. Wannan yana da muhimmanci wajen zaɓe domin wasu ƙananan injinan suna kai 35 lafiya lau amma daga nan zuwa 60 sai su yi ta kuka suna zafi. Haka bas irin Hiace da motocin ɗaukar kaya masu taya da aka rubuta C ko LT a jiki, iskarsu ta fi ta ƙaramar mota sosai.

Mataki na biyu, daga ina zai samu wuta

Wannan shi ne babban zaɓin, sauran duk biyo baya suke. Kala uku ne a kasuwa.

Akwai wanda ake sokawa a wurin laita, wato soket ɗin da kake sa cajar waya. Shi ne ya fi yawa kuma ga mai ƙaramar mota shi nake ba da shawara, domin ba ruwanka da caji, muddin motar na tashi zai yi aiki ko ya shekara a but. Amma akwai lissafin da dole ka yi. Soket ɗin nan yana da fiyus, yawanci na amp 10 ko 15, a wasu motocin 20. Ka ninka da volt 12 sai ka samu abin da zai iya ɗauka, amp 10 wat 120 ke nan, amp 15 kuma wat 180. A motoci da yawa an ma rubuta a murfin soket ɗin, 12V 120W. To in injin da ka saya yana jan amp 15 soket ɗinka na 10 ne, kana kunnawa fiyus zai tsinke, ka rasa iska ka rasa cajin waya lokaci guda. Duba bayan injin ko takardarsa ka ga amp nawa yake ja. Sannan don Allah kar ka bari mai wayarin ya ce bari a sa babban fiyus ko a naɗa waya a madadinsa, fiyus ɗin nan yana kare wayoyin motar ne, in ka ƙara masa girma waya ce za ta narke a cikin dashbod, motoci da yawa ta haka suke kamawa da wuta. Kuma ka gwada soket ɗin motarka tun yanzu, tsofaffin motocinmu 'yan Kwatano da yawa soket ɗin ya mutu ko ya yi sako-sako mai motar bai sani ba.

Na biyu shi ne mai maƙalai biyu ja da baƙi da ake kamawa kai tsaye a kan batir, irin na mai Hilux ɗin can. Yawanci suna da silinda biyu ko guda ɗaya babba, jikinsu ƙarfe ne, suna da nauyi, suna jan amp 20, 30 har sama, shi ya sa ba a sa su a wurin laita. In kana da Hilux, Prado, Land Cruiser, Sienna mai yawan lodi, Hiace, ko kana shiga ƙauyuka da rairayi inda ake rage iska don mota ta wuce yashi sannan a mayar in an hau kwalta, kamar masu bin hanyoyin Agadas da arewacin Yobe da Borno, to kar ma ka ɓata kuɗinka a kan ƙarami, wannan ne naka. Hura manyan tayoyi huɗu a jere ba aikin ɗan ƙaramin roba ba ne. Sunayen da aka sani a wannan ɓangaren akwai VIAIR da ARB, suna da tsada, akwai kuma na China masu silinda biyu da ke aiki daidai gwargwado. Masu manyan motoci su lura, wutar tirela da manyan roka yawanci volt 24 ce, injin volt 12 in ka haɗa shi a nan ƙonewa zai yi nan take.

Na uku shi ne mai batir a cikinsa da ake caji da USB kamar fawa bank, irin su Xiaomi da Baseus da Bosch EasyPump, wasu girmansu bai wuce tafin hannu ba. Gaskiya suna da daɗin amfani, ba jan waya, ka ɗauka ka zagaya tayoyi huɗu ka ƙara musu 2 ko 3 PSI cikin mintuna kaɗan, ga mai babur ko A Daidaita Sahu kuma sun yi daidai sosai domin tayar ƙarama ce. Amma ina da magana biyu a kansu. Ɗaya, in taya ta zauna ƙasa gaba ɗaya suna da jinkiri, ƙaramin zai iya ɗaukar kusan minti goma a kan tayar Corolla, kuma caji ɗaya da ƙyar ya hura biyu daga sifili. Biyu kuma wanda ya fi damuna, batirin litiyom ba ya son zafi, mota kuwa in aka rufe ta a rana a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri lokacin bazara, waje yana sama da digiri 40, cikinta yana iya wuce 60. Batirin zai yi saurin mutuwa, wani ya kumbura, kuma ranar da kake buƙatarsa ita ce ranar da za ka tarar ba caji. In shi kake so, nemi wanda ke da hanya biyu, yana da batir kuma yana zuwa da wayar sokawa a laita, sannan kar ka bar shi a kan dashbod ko cikin aljihun gaba, ka riƙa shiga da shi gida kana caji ko sau ɗaya a wata. Kuma kar mAh ɗin da aka rubuta, wato lambar girman batirin, ya ruɗe ka, wasu kamfanonin haɗa lambobin ƙananan batiran ciki suke su rubuta babbar lamba, in an rubuta Wh ita ta fi nuna gaskiyar ƙarfinsa. Wanda yake da kayan aiki na Makita ko DeWalt ko Ryobi masu batir, suna da injin iska da ke amfani da wannan batirin, zai iya duba nan.

Famfon ƙafa ma yana nan, ba wuta ba caji, sai dai gumi. Ba laifi a ajiye shi a matsayin na ko-ta-kwana.

Mataki na uku, lambar da za ka duba ita ce lita a minti

Mu koma kan 300 PSI ɗin ƙanina. PSI matsin iska ne, tayarka 32 take so, to ko injin zai kai 100 ko 150 ko 300 duk bai shafe ka ba, ba za ka taɓa zuwa can ba. Abin da ke nuna ko zai hura taya da sauri shi ne yawan iskar da yake turawa, ana rubuta shi L/min, wato lita a minti ɗaya. Ɗan fistin ƙarami siriri yana iya kai matsi mai yawa amma iskar da yake turawa kaɗan ce, kamar ka cika duro da kofin shayi. A gwajina mafi arhan nan masu jikin roba mara nauyi su ne suka fi rubuta manyan lambobin PSI, masu kyan kuwa 100 ko 120 ko 150 za ka gani.

Ga ƙaramar mota nemi 30 zuwa 35 L/min, zai hura taya mai girman 195/65 R15 daga ƙasa cikin kamar minti huɗu zuwa shida. Ƙasa da 20 na ƙarin iska ne da babur. Jif da bas kuma daga 60 zuwa sama. Ka sani kuma wannan lambar ana auna ta ne lokacin da tiyon yake a buɗe ba a haɗa da taya ba, da zarar matsi ya fara taruwa gudun yana raguwa, shi ya sa kowane PSI na kusa da ƙarshe ya fi na farko ɗaukar lokaci. In kwalin bai rubuta lita a minti ba kwata-kwata, PSI kawai ya cika ko'ina, ni a wurina ajiye shi nake in duba wani.

Sai maganar hutu. Duk waɗannan ƙananan injinan ba a yi su don su yi ta aiki ba tsayawa ba, matsa iska yana kawo zafi, a takardar za ka ga an ce ya yi minti 10 ya huta minti 10, wasu 15. Nawa na farko a nan ya mutu, na hura tayata na juya na hura ta maƙwabci na ci gaba da ta wani ba tare da na bar shi ya huce ba, sai warin roba, giyar cikinsa ta roba ce ta narke. Saboda haka tambayi mai kaya ko silindar ƙarfe ce, ka ɗaga shi ka ji nauyi, ka leƙa ta ramukan shan iska ka gani. Mai nauyi yawanci ƙarfe da jan waya ne a ciki. In an rubuta yana kashe kansa idan ya yi zafi, wannan ƙari ne mai kyau a ƙasarmu.

Mataki na huɗu, geji da waya da bakin tiyo

Geji kala biyu ne, mai allura da mai lambobi. Mai allura ba ya lalacewa da wuri amma yana rawa lokacin da injin ke aiki, sai ka kashe kafin ka karanta, kuma in gejin an zana shi har 300 to tsakanin 30 da 35 ɗan tsaki ne da ba za ka iya bambancewa ba, wani dalilin ke nan na guje wa masu manyan lambobi. Mai lambobi da ake saita masa 32 ya tsaya da kansa in ya kai, shi na fi so, musamman da dare, ko in matarka ko 'yarka ce ke tuƙi ita kaɗai, ta saita ta kunna ta koma gefe. Duba ko yana canzawa tsakanin PSI da bar da kPa. Duk da haka sayi ɗan gejin hannu daban, mai kama da biro ko mai agogo, ba shi da tsada, da shi za ka gane ko na injin yana ƙari ko ragi. Bambancin 1 ko 2 PSI ba komai, in ya kai 5 ka mayar.

Tsawon waya abu ne da mutane ke mantawa sai an je wurin aiki. Daga wurin laita zuwa tayar baya ta ɗaya gefen, mita 3 na waya da kamar rabin mita na tiyo shi ne mafi ƙaranci ga ƙaramar mota, Sienna da Sharon da Hiace suna son fiye da haka sai dai in akwai soket a baya. Taɓa wayar ka ji kaurinta, siririya kamar ta rediyo za ta yi zafi. Kan da ake sokawa shi ma ka duba ko akwai fiyus a cikinsa, yawanci ana warware bakinsa a gani.

Bakin tiyo akwai na murɗawa da na dannawa mai ɗan hannu. Na murɗawa in na tagulla ne ya fi riƙewa, ba ya fita, sai dai wajen cirewa iska kaɗan tana fita, shi ya sa nake ƙara 1 a kan abin da nake so. Na dannawa ya fi sauri amma in na roba ne yana saurin sakin jiki. Bawul ɗin mota da na babur da na A Daidaita Sahu duk iri ɗaya ne, don haka baki ɗaya ya isa, ƙananan kawunan da ake haɗowa da su na ƙwallo ne da keken tsere da katifar iska. Fitila a jikin injin ba ado ba ce, duk wanda ya taɓa laluben bawul a duhu da fitilar waya a baki ya san amfaninta.

Mataki na biyar, wurin saye da gwaji

A Kano za ka samu a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, a Kaduna Fanteka, a Abuja Apo da Zuba, a Legas Ladipo, ga kuma Jumia da Konga da Jiji da AliExpress. Farashi ba zan faɗa ba don yana bin dala, yau daban gobe daban. In a kasuwa ne je da motarka, wannan ita ce babbar dabara. Ka ce wa mai shagon Alhaji zan gwada a motata, in ya yi in biya. Mai kaya mai kyau ba zai ƙi ba. Sai ka je tayar baya mafi nisa, ka danna tsinken bawul ka rage iskar zuwa 20, ka tada mota, ka haɗa, ka duba agogon wayarka. Daga 20 zuwa 32 a ƙaramar mota bai kamata ya wuce minti biyu zuwa uku ba. Ka saurari ƙarar, ƙara dai duk suna yi, amma mai lafiya ƙararsa ɗaya ce ba ta hawa da sauka, in kana jin kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani ko ƙarar ta fara ja kamar zai mutu da ya kai 28, bar shi. Taɓa kan da ke cikin soket, ɗumi ba komai, zafin da ba za ka iya riƙewa ba matsala ne. Sannan ka auna da gejin hannunka.

In ta intanet ne, wuce taurarin ka karanta abin da waɗanda suka yi wata da watanni da shi suka rubuta, musamman masu ƙorafi, ka tabbatar akwai damar mayarwa, kuma ranar da ya iso ka yi wannan gwajin kar ka jefa shi but da ledarsa. Sunan babban kamfani a jikin kwali ba hujja ba ne, jabu sun yi yawa, duba rubutun ko akwai kurakurai, duba ko akwai takardar bayani a ciki.

Yadda za ka yi amfani da shi

Ka faka a wuri mai kyau nesa da bakin titi, ja birkin hannu, kunna fitilun haɗari, ka sa alamar nan mai kusurwa uku in a hanya ne. Bar injin mota a kunne don kar batir ya sauka kuma injin iskar ya fi ƙarfi haka, amma a fili, ba cikin garejin da aka rufe ba saboda hayaƙi yana kisa. In mai maƙalai ne, ja a kan alamar tarawa, baƙi a kan alamar ɗebewa, ka kula waya kar ta taɓa fanka ko bel. Cire murfin bawul ka sa a aljihu, ɗaura tiyo sosai har ka daina jin tsss, saita lambar, kunna. Ajiye injin a kan kwali ko tabarmar mota, kar ka ajiye shi cikin ƙura ko yashi domin abin da ya shaƙa shi yake turawa cikin silinda. In ya gama, kashe, cire da sauri, kuma ka kama ta wurin roba domin ƙarfen da ke gindin tiyon yana ƙona hannu. Bar shi ya huce kafin ka naɗe.

Lokacin awo shi ne da safe kafin ka fita, ko bayan motar ta yi awa uku a tsaye. In ka yi tafiya mai nisa za ka ga iskar ta ƙaru da 3 ko 4 ko fiye, zafi ne, kar ka rage, in ta huce za ta koma daidai. Da sanyin hunturu kuma iska tana sauka da kanta, kusan 1 PSI a duk digiri 5 zuwa 6 da gari ya sauka, ban da 1 ko 2 da lafiyayyar taya ke rasawa a wata haka kawai. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka daga ƙarshen 2007 suna da 'yar fitila mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya, amma ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a motoci da yawa a nan ma na'urar ta mutu tuni, don haka kar ka jira ta. Ni duk sati biyu nake zagayawa, da kuma duk safiyar da zan yi tafiya, har da safaya. Wanda aka sa wa tayarsa iskar naitirojin kuma zai iya ƙarawa da wannan injin ba matsala, iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce.

Akwai abin da ba zai yi maka ba, gara ka sani tun yanzu. In gefen taya ya yage ko ya yi ƙullutu, ba iska take so ba, canji take so. In bakin tayar ya rabu da rim, ƙaramin inji ba zai mayar da shi ba, sai babban kwamfiresan mai faci mai tanki, kuma kar ka yarda a zuba fetur a ƙyasta ashana wai don ta hau. In ƙusa ce a tsakiyar taya tubules, wato mara tub a ciki, kuma kana nesa da gari, kar ka zare ta, ita ce ta toshe ramin, hura iska ka tafi a hankali kana tsayawa kana dubawa har ka isa wurin faci. In kana da kayan facin nan na igiya mai danƙo da ake turawa da tsinke, sai ka zare ƙusar, ka goge ramin da ɗayan tsinken mai kaushi, ka tura igiyar, ka yanke abin da ya fito, ka hura, ka shafa ruwan omo ka ga ko zai yi kumfa, in ka shiga gari a cire tayar a duba ta daga ciki. In ba ka ga ƙusa ba amma kullum tana sacewa, shafa ruwan omon a bakin bawul da kewayen rim, sau da yawa ɗan tsinken cikin bawul ne ya saki, kuɗinsa kaɗan ne.

Shi ƙanin nawa Corolla gare shi, soket ɗinsa wat 120 ne, a ƙarshe mun samo masa mai sokawa a laita da ke jan amp 10, yana ba da lita 35, mai lambobi da ke tsayawa da kansa. Na sa ya haɗa da gejin hannu, da kayan facin igiya, da filaya, da fiyus biyu na amp ɗin da soket ɗinsa ke amfani da shi, duk a jaka ɗaya kusa da jak. Ranar da muka gwada a ƙofar gida tayoyinsa na gaba 46 muka tarar, na baya ɗaya 41 ɗaya 24, safaya kuma 15.